Jimmie Rodgers: yadda shekara shida ta isa a kira mutum uban kiɗan kantiri

"Malam, barka da aiki. Tun ina yaro nake sauraron Don Williams da Jim Reeves, a rediyon mahaifina na fara jin su. Kwanan baya na ji an ce wanda ake kira uban wannan kiɗa wani ne mai suna Jimmie Rodgers, wai shekara shida kacal ya yi yana waƙa ya mutu. Na nemo waƙoƙinsa na saurara, sai na ji jita ce kawai da wani irin kuka da yake yi da maƙogwaro. Wane ne shi? Me ya kashe shi da wuri haka? Kuma da gaske ya cancanci wannan suna, ko dai zuzutawa ce irin ta Amurkawa?"
Wani mai karatu daga Zariya

Barka kadai, Malam, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema: tarihin mutumin, dalilin gajartar rayuwarsa, da kuma hukunci a kan ko sunan da aka laƙaba masa ya dace da shi. Na daɗe ina gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙin Turawa a rediyo, ina kuma tara tsofaffin fayafayai, don haka abin da ka ji a karon farko ba baƙo ba ne a wurina. Kunnen da ya saba da laushin muryar Don Williams dole ya ji Rodgers da kaushi. Amma tun daga farko zan faɗa maka matsayina: ya cancanci sunan, sai dai ba don shi ya fara ba.

Yaron layin dogo

An haifi James Charles Rodgers ranar 8 ga Satumba, 1897, a yankin Meridian da ke jihar Mississippi a kudancin Amurka. Meridian a wancan zamani mahaɗar jiragen ƙasa ce, kuma mahaifinsa Aaron shugaban leburorin gyaran layin dogo ne a kamfanin Mobile and Ohio. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan ƙaramin yaro, sai ya tashi a hannun dangi, yau yana gidan wannan gobe yana gidan wancan. Karatu bai zauna masa ba. Yana da shekara goma sha uku ko ƙasa da haka ya ci gasar waƙa a garinsu, ya gudu ya bi ayarin masu tallar magani, waɗanda ke tara jama'a da kiɗa da barkwanci kafin su fito da kwalabensu. Uban ya je ya dawo da shi ya sa shi aikin reluwe.

Aikinsa na farko shi ne kai wa leburori ruwan sha. Wannan wuri ne nake so ka riƙe, domin yawancin masu aikin shimfiɗa ƙarfen dogo a Mississippi baƙaƙen fata ne, kuma da waƙa suke daidaita ɗaga ƙarfe da sauke shi. A tsakaninsu yaron ya sha kiɗan buluz, ya ji yadda suke jan murya da yadda suke kaɗa jita da banjo. Daga baya ya zama mai kula da birki a jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Meridian da New Orleans. Aiki ne na haɗa taragu da raba su, da hawa kansu a murɗa birkin hannu, cikin ruwa da sanyi da hayaƙin kwal. Ya auri Carrie Williamson a 1920, suka haifi Anita a 1921. 'Yarsu ta biyu ta rasu tana jaririya a 1923, lokacin yana can wata jihar neman aiki, aljihu babu komai.

A 1924, yana da shekara 27, likita ya tabbatar masa da cewa tarin fuka ne ke damunsa. Daga nan aikin jirgi ya fara gagararsa. Ya gwada zama a Arizona saboda busasshiyar iskarta, ya koma aikin reluwe a Tucson na ɗan lokaci, bai ɗore ba. A farkon 1927 ya isa Asheville da ke cikin duwatsun North Carolina, garin da masu ciwon huhu ke zuwa neman sauƙi. A can ya samu fili a gidan rediyon WWNC, ya kuma haɗa kai da wasu samari makaɗa masu suna Tenneva Ramblers. Ka ga ke nan cutar da ta kashe shi ita ce ta raba shi da albashi ta tura shi ga waƙa. Da huhunsa lafiya lau, mai yiwuwa da ya tsufa a bakin aikin jirgi, yana kaɗa jita da dare ga abokan aiki.

Bristol da abin da ya biyo baya

A ƙarshen Yuli 1927 wani wakilin kamfanin fayafayai na Victor mai suna Ralph Peer ya sauka a Bristol, garin da babban titinsa ne iyakar jihohin Tennessee da Virginia. Ya kafa na'urar ɗaukar murya a benen wani gidan ajiyar huluna. Shekara biyu ke nan da aka fara ɗaukar murya da makirufo mai lantarki, wanda ya sa ake iya kama murya mai taushi da jita guda ba sai mawaƙi ya yi ihu cikin ƙaho ba. Jaridar garin ta buga cewa wani mawaƙi, Ernest Stoneman, ya samu dala 3,600 a shekara ɗaya daga fayafayansa, sai mutane suka yi ta gangarowa daga ƙauyukan duwatsu. A cikin kusan mako biyu Peer ya ɗauki waƙoƙi 76 daga mawaƙa da ƙungiyoyi 19. A nan aka fara ɗaukar iyalin Carter, wasu mawaƙa 'yan gida ɗaya, a nan kuma aka fara ɗaukar Rodgers.

Shi da samarin nan na Tenneva Ramblers sun zo tare, amma suka yi saɓani a kan sunan da za a rubuta a jikin faifai, suka rabu. Ranar 4 ga Agusta ya shiga shi kaɗai da jitarsa ya rera waƙoƙi biyu, "The Soldier's Sweetheart" da "Sleep, Baby, Sleep", aka biya shi dala 100. Faifan bai yi wani tashe ba. Wani a matsayinsa da ya zauna jiran a kira shi. Shi kuwa a watan Nuwamba ya tattara 'yan kuɗinsa ya tafi New York, ya kama ɗaki a babban otal mai suna Manger, ya buga wa Peer waya kamar wani shahararre da ya biyo ta garin. Dabarar ta ci. Ranar 30 ga Nuwamba, a ɗakin ɗaukar murya na Victor da ke Camden a New Jersey, ya rera "Blue Yodel", wadda aka fi sani da "T for Texas". Ta fito a farkon 1928, aka sayi dubban ɗaruruwanta. Mutumin da bai iya biyan kuɗin haya ba ya wayi gari yana cikin manyan mawaƙan kamfanin.

Kukan nan da ka ji

Abin da ka kira kuka da maƙogwaro shi ake ce wa yodal. Mawaƙi yana karya murya da gangan, ya tsallaka daga muryar ƙirji zuwa siririyar muryar sama ya dawo, cikin sauri. Abu mafi kusa da shi a kunnenmu shi ne guɗa, duk da cewa ita guɗa da harshe ake kaɗa ta, shi kuwa a maƙogwaro yake karyewa. Ba Rodgers ya ƙirƙiro shi ba. Mawaƙan tsaunukan Alps sun kawo shi dandalin Amurka tun ƙarni na 19, masu wasan kwaikwayo na yawo suka ɗauka, kuma wani makaho mai suna Riley Puckett ya riga shi sa shi a faifai a 1924. Abin da Rodgers ya yi shi ne ɗora shi a ƙarshen baitin buluz, inda makaɗin buluz zai bar jita ta amsa. Shi sai muryarsa ta amsa wa kanta. Ya yi waƙoƙi goma sha uku masu wannan suna na "Blue Yodel".

Idan ka sake saurara, ka lura da abu biyu. Na farko, yodal ɗinsa ba iri ɗaya ba ne. A waƙar alfahari yana fita da fara'a, a waƙar kewa yana ja a hankali har ya yi kusa da usur ɗin jirgi, wanda shi ma yakan kwaikwaya da bakinsa. Na biyu, ba ya bin ƙidayar kiɗa yadda makaranta ta tsara. Yakan ƙara bugu ko ya rage, gwargwadon inda maganar ta kai shi. Makaɗan da suka yi masa rakiya sun sha wahalar wannan. Ni kuwa a nan nake jin daɗinsa, domin kalma ce ke jan kiɗa a wurinsa, kuma kowace kalma tana fita tar, ko a tsohon faifan da allura ta cinye. A shirina na lura cewa masu sauraron da Turancinsu bai yi nisa ba sun fi kama maganarsa fiye da ta mawaƙa da yawa na yanzu.

Ka ce jita kawai ka ji. Wannan rabin labarin ne. Cikin waƙoƙi kusan 110 da ya bari, akwai waɗanda ya yi da ƙungiyar jaz, akwai na makaɗan Hawaii masu jitar ƙarfe, akwai na baƙaƙen makaɗan Louisville masu busa tulu. Ranar 16 ga Yuli, 1930, a Hollywood, ya ɗauki "Blue Yodel No. 9", Louis Armstrong na busa ƙaho, Lil matar Armstrong tana kaɗa fiyano. Ba a rubuta sunayensu a jikin faifan ba. Ka tuna wannan zamani ne da dokokin wariya suka raba fari da baƙi a kudancin Amurka, har kamfanonin faifai suna da kundin talla daban na kowane jinsi. Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba: a shekarun yawonsa shi ma ya shafa baƙi a fuska ya yi wasan kwaikwayon baƙar fata, kamar yadda fararen 'yan wasa da yawa suka yi, al'adar da ta ginu a kan raini. Bashin da kiɗansa ke ɗauke da shi na baƙaƙen Mississippi babba ne, kuma ba a biya su ba, ba da kuɗi ba, ba da ambato ba. Duk wanda zai kira shi uba ya kamata ya san wannan.

Akwai kuma macen da ake yawan mantawa, Elsie McWilliams, 'yar'uwar matarsa. Mai kaɗa fiyano ce a coci, ta iya rubutun kiɗa, shi kuwa bai iya ba. Peer yana matsa masa lamba ya kawo sababbin waƙoƙi, saboda ribar Peer tana cikin haƙƙin mallakar waƙa ne, tsohuwar waƙar gargajiya kuwa ba ta da mai ita. Elsie ta rubuta ko ta taya shi rubuta kusan waƙoƙi arba'in. Yawancin masu taushin nan, na gida da iyaye da kewa, da hannunta a ciki.

To, me ya sa uba?

Gaskiyarka ne idan ka yi zargin cewa wasu sun riga shi. Eck Robertson ya ɗauki kiɗan gogen Turawa a 1922. Fiddlin' John Carson ya yi faifai a Atlanta a 1923, shi ma a hannun Peer. Vernon Dalhart ya sayar da fiye da miliyan a faifansa na 1924. Amma dubi abin da suke sayarwa. Robertson da Carson tsofaffin kaɗe-kaɗen da kowa ya gada suke yi. Dalhart kuwa mawaƙin birni ne da ya yi horon opera, yana rera duk abin da aka ba shi, da sunaye barkatai. Mai sayen faifansu waƙa yake saye.

Mai sayen faifan Rodgers mutum yake saye. Yana cewa "ni" a waƙa, jama'a kuma suka yarda shi ɗin ne: ma'aikacin jirgin da aka sallama, matafiyin da ba shi da kuɗin tikiti, ɗan caca, mijin da kishi ya rufe wa ido, ɗan da ke kewar mahaifinsa, majinyacin da ke tari. A cikin waƙa yakan yi wa makaɗi magana, ya yi wa kansa kirari, kamar yana zaune a tsakar gidanka. Kamfani ya tallata shi da laƙabin mai birki mawaƙi, har aka yi ɗan gajeren fim da wannan suna a 1929, inda yake zaune da hular ma'aikatan jirgi yana rera waƙoƙi uku. Wani lokaci kuma ya ɗauki hoto da kayan kaboyi, wani lokaci da kwat da hular 'yan birni. Wannan tsari, na mawaƙi ɗaya da jita, mai rera sababbin waƙoƙi a kan rayuwar talaka da bakin wanda abin ya shafa, shi ne tsarin da Don Williams ɗinka ya tarar ya shiga.

Hujja mafi ƙarfi ita ce waɗanda suka biyo baya. Gene Autry da Jimmie Davis da kwaikwayonsa suka fara. Hank Snow, daga Kanada, ya sa wa ɗansa suna Jimmie Rodgers Snow. Ernest Tubb ya nemi matar marigayin a San Antonio, ta ba shi aron jitar mijinta, ta taimaka masa ya samu faifansa na farko. Bill Monroe ya ɗauki waƙar Rodgers mai suna "Mule Skinner Blues" ya gina sabon salo a kanta, Dolly Parton ta sake rera ta a 1970. Merle Haggard ya yi kundi sukutum na waƙoƙinsa a 1969. Da aka buɗe zauren karrama mawaƙan kantiri a 1961, mutum uku aka fara sawa: shi, da Hank Williams, da Fred Rose. A 1986 masu kiɗan rok ma suka sa shi a nasu zauren. Duk da haka, ni a ganina sunan yana tauye iyalin Carter. Waƙoƙin gida da na ibada, da haɗa murya, da salon kaɗa jita na Maybelle Carter, duk ta wurinsu suka zo. Kiɗan kantiri ƙafa biyu gare shi, kuma dukansu a Bristol aka same su cikin mako guda.

Dalilin gajartar zamaninsa

Babban dalili shi ne ciwon. A lokacin babu maganin da ke kashe ƙwayar tarin fuka. Sai a 1943 aka gano streptomycin, shekara goma bayan mutuwarsa. Abin da likitoci ke da shi kawai shi ne hutu, da abinci mai kyau, da iska mai tsabta. Ni ba likita ba ne, don haka ba zan yanke cewa da ya kwanta da ya yi tsawon rai ba, domin da yawa sun kwanta kuma sun tafi. Abin da ke a fili shi ne hutun nan bai yi shi ba. Ya yi ta yawon wasa a rumfunan tanti da gidajen kallo na kudu, cikin ƙura da sanyi. A farkon 1931 ya bi ɗan barkwancin nan Will Rogers suna tara wa Red Cross kuɗi domin manoman da fari ya cinye. A shekarar ce kuma ya rera "T.B. Blues", inda ya fito fili ya yi maganar ciwonsa da kabarin da ke jiransa, a zamanin da mutane ke ɓoye wannan cuta saboda tsangwama. Majinyata da yawa sun riƙe waƙar nan tamkar tasu. Bari in ratsa da magana ɗaya: cutar da ta gagari mai kuɗi a Amurka a 1933, yau ana warkar da ita da maganin wata shida, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a duba shi.

Dalili na biyu kuɗi ne. Hannunsa a buɗe yake. Ya gina katafaren gida a Kerrville da ke Texas a 1929, ya sayi manyan motoci, ya sa kamfanin Martin ya yi masa jita da sunansa a wuyanta da kalmar godiya a bayanta, wadda yakan juya wa jama'a idan sun tafa. Sai tattalin arzikin Amurka ya karye a ƙarshen wannan shekarar. Fayafayan da ake sayarwa a ƙasar sun haura miliyan 100 a 1927, amma a 1932 sun dawo kusan miliyan 6. Talakan da ke sayen faifansa a kan santi 75 ya koma neman abin da zai ci. Ya sayar da gidan ya koma San Antonio, yana shiri a rediyo. Ga kuɗin asibiti, ga iyali. Mai irin wannan nauyi ba ya iya kwanciya ko da likita ya ce ya kwanta.

A farkon 1933 ya kwanta asibiti a Houston. Da ya ɗan farfaɗo sai ya nemi Peer ya shirya masa ɗaukar murya, domin ya bar wa matarsa da 'yarsa wani abu. Ya tafi New York tare da ma'aikaciyar jinya. Daga 17 zuwa 24 ga Mayu ya ɗauki waƙoƙi goma sha biyu. An ajiye masa gadon tafi-da-gidanka a ɗakin, yana kwanciya tsakanin waƙa da waƙa, wasu kuma a zaune ya rera su. Ta ƙarshe ita ce "Years Ago", shi kaɗai da jita, kamar yadda ya fara a Bristol. Ranar 26 ga Mayu, 1933, jini ya ɓalle masa a huhu ya mutu a otal ɗin Taft, yana da shekara 35. Otal ɗin nan shi ne tsohon Manger da aka sauya wa suna, inda ya buga wa Peer waya a 1927. A jirgin ƙasa aka mayar da gawarsa Meridian.

Inda faifan ya kai

Shi kansa bai taɓa hawa dandalin Grand Ole Opry na Nashville, babban dandalin mawaƙan kantiri, ba, amma fayafayansa sun tsallaka teku, an buga su a Ingila da Ostireliya, sun shigo Afirka tare da garmaho. A 1950 mai tattara kaɗe-kaɗen nan Hugh Tracey ya ɗauki waƙoƙin 'yan ƙabilar Kipsigis a Kenya masu suna "Chemirocha", wato yadda bakinsu ya furta sunan Jimmie Rodgers. A ɗaya daga ciki 'yan mata ne ke rerawa da siririyar murya, suna kiransa ya zo rawa. Nemi wannan ka ji, tana nan a intanet.

Game da sake sauraronsa kuwa, shawarata kada ka fara da "Blue Yodel". Fara da "Waiting for a Train" ta 1928, mai ƙaho da jitar ƙarfe, labarin wanda aka sauke daga jirgi nesa da gida ba shi da ko sisi. Bi ta da "Miss the Mississippi and You" ta 1932, wadda ta fi kowace kusa da laushin da ka saba da shi a wurin Jim Reeves. Sannan ka ji wadda ya yi da Armstrong, sai "T.B. Blues". Ka nemi waɗanda aka tace daga faifan asali, ka guji waɗanda aka ɗora wa sababbin makaɗa a shekarun 1950, domin an daidaita masa bugun da shi da gangan yake karkatarwa. Kowace waƙa minti uku ce ko kusa da haka, iyakar abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho ke ɗauka, don haka huɗun nan ba za su ci maka kwata ɗaya na awa ba.